Bakin da Na Ɗaure a Goshin Jirgi

Akwai abu ɗaya da na aikata wanda da Allah zai ba ni ikon warwarewa, da shi zan fara. Na tara samari goma sha ɗaya a bakin gulbi da hantsi, na sa kowannensu ya ɗora hannu bisa goshin jirgina, ya rantse da Allah ba zai ƙara furta yarensu cikin jirgi ba. Ba wanda ya sa ni. Wata tsohuwa ta bar duniya ta dalilin wannan rantsuwa, kuma ni ke riƙe da inji ranar.

Sunana Isaka, mai fito. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina ɗaukar mutane da kaya a gulbin Kwara, daga tashar jirage ta Malanville zuwa ƙauyukan Garu da tsibiran da ke tsakani. Karatuna allo ne da aji uku na lakwal, wato boko, sai ku yi haƙuri da rubutun. Na yi shi ne dominku, samarin da ke zuwa tasha yanzu da sabon inji a kafaɗa, kuna cewa fito ai kamar tuƙin moto ne, wato babur: ja igiya, murɗa hannu, tafi. Ku zauna ku ji.

Aikin farko da maigidana Tsoho Garba ya ba ni shi ne kwasar ruwa. Shekara biyu ina durƙushe cikin jirgi da ɓarin ƙwarya, har na san kowace kafa da ruwa ke shigowa. Daga nan na koyi toshewa: a tsaga tsumma, a cusa shi tsakanin katako da katako da bakin ƙarfe, a bi da kwalta mai zafi. Sai lodi. Shinkafa a ƙasa, albasa a tsakiya, kwandon banda a sama don kada kifin ya jiƙe. Akuya a ɗaure ta ƙafa huɗu. Moto a kwantar da shi, a toshe bakin tankin isansi, wato fetur. Mace mai goyo ta kwance goyon ta riƙe a cinya. Kuma ba mai tsayawa tsaye cikin jirgi sai mutum ɗaya.

Mutumin nan ɗaya shi ne mai goshi. Yana tsaye can gaba da gora a hannu, yana duban ruwa. Mai tuƙi yana zaune a wutsiya, lodi ya tare masa gaba, ba ya ganin komai sai buhu da bayan mutane. Ran da Tsoho Garba ya yarda in zauna wutsiya, lokacin ba mu da inji sai filafili, sai ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ido tamau.

Na ce, "Baba, in munka kife fa?"

Ya ce, "Sai mu jiƙe. Tuƙa."

Ya hau goshi ya dinga kira. Dama. Hagu. Yashi. Tsaya. Haka munka je har tudun yashin farko munka dawo, zufa na zuba a idona cikin rawani. Da ya kwance mini sai ya ce, "Kai ba ka da ido, ni ne idonka. Ni ba ni da hannu, kai ne hannuna. In na tsaya tunanin mi zan ce, mun mutu. In ka tsaya tambayar mi na ce, mun mutu." Ku riƙe wannan magana, don ni da anka faɗa wa, na yar da ita.

Cikin wuraren da nake kai mutane akwai wani tsibiri da muke kira Gungun Marke. Da can masunta ne kawai ke yada zango su tashi. Sannu a hankali mutane sunka zauna: Dandawa masu su, Hausawan Kabi, Zabarmawan da fari ya koro, Fulanin da shanunsu sunka ƙare. Manya suna ciniki da Hausa ko Dandanci, in an shiga gida kowa ya koma nasa. Babu lakwal, babu hanya. Jirgina ne hanyarsu, sau biyu a mako. Daga baya sunka haɗa ƙarfi sunka tayar da ganuwar ƙasa don tare ruwa, sunka shuka shinkafa a bayanta. In shinkafa ta fitar da kai, sai a kafa rumfuna masu tsawo bisa turaku, a ɗora yara su kori tsuntsu. Daga safe har faɗuwar rana, mako da makwanni, yaro na wannan rumfa, yarinya na waccan, ba babba ko ɗaya a kusa, suna ƙwala wa juna magana ta saman ruwa.

Wata rana na kai gishiri da kalanzir, ina jiran a sauke, sai na kasa kunne. Yaran farko, in ka saurara, kana iya tsintar maganarsu: wannan Hausa ce, wannan Dandanci, wancan Fillanci. Dariya munka yi, munka sa wa yaren suna zancen tsuntsu. Amma da ƙannensu sunka taso sunka karɓa, sai sunka niƙe shi lilis, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Gajere, mai sauri, mai nisan zuwa. Ni da ke jin harshe biyar, sai in tsaya a tsakiyarsu ban kama ko jimla ɗaya ba.

Abin da ya fara tayar mini da tsigar jiki ƙarami ne. Wani yaro baƙo daga Gaya ya kwaikwayi maganarsu, sai wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba ta girgiza kai ta gyara masa, sauran sunka goyi bayanta. Na ce a raina, ashe abin yana da daidai, yana da kuskure. To wa ya aza musu ƙa'idar? Ba uba, ba uwa, ba malami. A tasha kuwa an fara raɗa cewa yaran da ke wuni bisa ruwa su kaɗai, 'yan ruwa ne ke koya musu. Ban ce na yarda ba. Ban kuma ce ban yarda ba. Na dai daina juya musu baya in ina sauke kaya.

Kowace ranar kasuwa akwai wata tsohuwa mai banda daga gungun, Gwaggo Hadiza, da ke zama bisa katakon da ke daf da ƙafata. Ba wanda ya isa ya zauna mata wurin. Ita ke riƙon jikokinta biyu, Jibo da ƙanwarsa Hajo, tun rasuwar uwarsu. Ba ta shiga jirgi ba tare da ta tsokane ni ba.

"Isaka, wanga jirgi shi ya girme ka ko kai ka girme shi? Ku duka yoyo kuke."

"To Gwaggo, sauka ki bi ƙasa mana."

Wata rana na rage murya na tambaye ta, "Kina jin abin da jikokinki ke faɗi?"

"Rabi. Rabin da ban ji ba na san gulmata ce, ban damu ba."

"Ba ki jin tsoro?"

"Tsoron mi? In yunwa ta kama su sun san sunan tuwo."

Da Jibo ya kai shekara sha shida na ɗauke shi goshi. Ban taɓa samun ido irin nasa ba. Yana ganin yashi ƙarƙashin ruwa tun daga nesa, yana gane kan dorina daga kututture. Da Hausa yake kira mini, amma in abu ya zo da gaggawa sai yarensu ya kuɓuce masa. Shekara uku muna haka, har hannuna ya koyi kiran guda biyar ko shida ba tare da na nema ba. Akwai ɗaya musamman, gajeriyar kalma kamar tari. In na ji ta, kafin in yi tunani na kashe inji na ja baya. Sunan wani irin ruwa ne: inda ganuwa ta ɓalle a ƙarƙashi, sama ya kwanta sumul kamar an zuba mai, ƙasa kuwa yana fizga gefe da ƙarfi. Mu ba mu da suna gare shi, ba a Hausa ba, ba a Dandanci ba, don gulbin da munka koya ba shi da ganuwa. Su kuwa a bakin irin wannan ruwa sunka tashi. Na san da haka. Maimakon in gode, kunya nake ji a ce tsoho kamata yana bin zancen tsuntsu.

Ranar da abin ya juye, lodin albasa ne na kawo Malanville. Lokacin an fara jin labarin mutanen daji masu bindiga, ana tsaurara bincike a bakin iyaka, duwan masu binciken kaya da jandarma sun cika tasha. Jibo na tsaye a goshi, wani abokinsa na cikin jirgin da ke can gefe, suna ta jefa wa juna magana suna dariya. Wani jandarma ya saurara, ya saurara, sai ya kira ni.

"Tsoho, wane yare ne wannan?"

"Na yara ne, ranka ya daɗe."

"Yaran wace ƙasa?"

Anka sauke lodin kaf, anka zazzage buhu, anka zaunar da samarin biyu gefe ana ta tambayarsu. Aikinsu suke yi, kuma da la'asar sunka sake mu ba tare da an taɓa kowa ba. Amma na ga yadda anka kalli yaran nan. Ni ne shugaban masu fito a lokacin. Na riƙa hasko ranar da za a ce jiragenmu na ɗauke da masu maganar asiri, a rufe tasha, ko a tafi da ɗan wani ba a dawo da shi ba. Tsoro ya haɗe mini biyu, na abin da ke ƙarƙashin ruwa da na abin da ke bakin gaɓa.

Na je wurin limamin gungun na roƙe shi ya fito da Alƙur'ani a rantsar da samarin. Ya ƙi. Ya ce, "Malam Isaka, ni ban ga laifin da sunka yi ba. Ka bari a yi shawara." Ban bari ba. Na ce duk mai son ya ci gaba da aiki cikin jirgin fito, goshi ko wutsiya, ya zo ya rantse. Ina za su? Sunka zo. Jibo ne na ƙarshe da ya ɗora hannu bisa katakon. 'Yan mata ban kira su ba, don ban lissafa su cikin masu jirgi ba, ko da yake kowace tana da ɗan kwale-kwalenta na ɗebo itace.

Gwaggo Hadiza na zaune bisa kwandonta tana kallo. Da anka watse ta ce, "Isaka, ka ɗaure wa yaro baki, ka kuma ce shi ne idonka?"

Na ce, "Gwaggo, wanga sha'anin jirgi ne."

Ta ce, "To. Ni dai cikinsa nake zama."

Daga ranar jiragen sunka yi tsit. Kiran Jibo ya koma zuwa a makare, ba da yawa ba, kamar numfashi ɗaya. Sau biyu munka hau yashi a wannan rani. Duka biyun shi na zaga gaban mutane.

Kwara na cika sau biyu: jan ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke zuwa daga yamma lokacin sanyi. Jan ruwa shi ne mugu, don ba ya sallama. A shekarar da nake nufi ya zo da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Ya hau ganuwar Gungun Marke, ya shanye shinkafa, ya shanye rumfunan korar tsuntsu har turakunsu sunka ɓace, ya fara shiga ɗakuna. Anka aiko a kwashe mutane zuwa tudu wajen Garu. Da safe na yi sawu biyu ta babbar hanya. Sawu na uku rana ta take, isansi ya yi ƙasa, mutane na tsaye cikin ruwa har gwiwa suna jira. Na ɗauki tsofaffi da mata da yara, mutum ashirin da wani abu, da tabarmi da tukwane. Gwaggo Hadiza ta zauna wurinta, ta rungume ɗan maƙwabciyarta mai shekara biyu. Na yanke shawarar in ratsa ta kan gonakin da ruwa ya rufe, in rage rabin tafiya. Ƙananan kwale-kwale na 'yan mata da na sauran samari na biye da mu a baya da kaji da hatsi.

Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, ba ka ganin tafin hannunka in ka tsoma. Muna cikin tafiya sai na hangi kan Jibo ta saman lodi ya juyo. Na ga bakinsa ya buɗe. Na ga ya rufe. Ya sake buɗewa ya ce, "Baba, akwai wurin da ruwa ke... inda ganuwa..."

Bai ƙarasa ba. Goshi ya fizge hagu kamar an ja shi da igiya, jirgin ya juya gicciye, ruwa ya maka cikinsa bisa turakun wata rumfa. Na ji ƙarar katako. Sai sama ta koma ƙasa.

Da na taso na rarumi jarkar isansi. Ko'ina kawuna ne da tabarmi da ihu, ruwa na jan kowa zuwa ɓarakar ganuwa. Sai na ji murya ta tsaga ihun. Hajo ce, tsaye cikin kwale-kwalenta, tana ƙwala yaren nan da dukan ƙarfinta. Wata ta amsa daga dama, wata daga baya. Kwale-kwalen sunka watsu kamar an zana musu hanya. Ba wanda ya shiga sumul ɗin ruwan, ba biyu da sunka nufi mutum ɗaya, ba wanda ya yi karo da wani. Sai na ji muryar namiji ta shiga, sai wata, sai ta Jibo daga cikin ruwa, yana riƙe da turke da hannu ɗaya yana nuna musu inda kawuna ke nutsewa. Ina rataye a jarka, ruwa na shiga hancina, maganar da na hana tana wucewa ta saman kaina. Kalma ɗaya, hannu ya miƙa. Kalma ɗaya, an ja mutum. Abin da Tsoho Garba ya koya mini da rawani ke nan, ba ragi.

An tsamo kowa sai mutum ɗaya. Gwaggo Hadiza ta ɗaga yaron sama da hannu biyu har wata yarinya ta karɓe shi. Da yarinyar ta juyo ta kamo Gwaggo, babu ita. Bayan kwana biyu masunta sunka same ta a ƙasa da Garu, ta maƙale cikin ciyawa.

Da jandarma sunka zo tambaya na faɗi gaskiya: ni na yanke hanya, ni na hana mai goshina kira. Sunka rubuta. Mutanen gungun sunka ce ƙaddara ce, ba wanda ya kai ƙara. Na yarda da ƙaddara, amma na san wanda ya tara samarin nan da hantsi.

Ran sadakar uku ina zaune a gefen tabarma, Jibo ya zo ya durƙusa gabana. Na ɗauka zagi zan sha, kuma na shirya. Sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Baba, na karya rantsuwa. Cikin ruwa na yi magana. Ko da yake ba cikin jirgi nake ba, amma jirginka ne. Mi zan yi?"

Na ce, "Ka gan shi tun da wuri?"

"Na gan shi."

"Kalmar ta zo maka?"

"Ta zo, Baba. Ka rantsar da ni."

Na tashi na kira liman da sauran samarin, na ce a gaban jama'a na janye abin da na ɗora musu, laifin nawa ne. Liman ya yi musu bayanin kaffara, na auno hatsin ciyarwar daga rumbuna. Wannan shi ne mai sauƙin.

Ban ƙara zama wutsiya ba. Yanzu toshe jirage nake a bayan tasha, da tsummana da tukunyar kwalta. Jibo na da jirginsa, yana gaishe ni kullum da ladabi, ba ya daɗewa. Hajo ta yi aure a gungun, 'ya'yanta da yaren nan sunka fara magana kafin Hausa. Yaren ya ƙetaro har tasha. Jikokina na gida sun ɗauko shi wurin abokai, in sun so kada in ji sai su juya zuwa gare shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in sunka fara gabana na faɗuwa. Ban san inda abin zai tsaya ba, ban san ko wata rana za a wayi gari ba mai jin kiran da Tsoho Garba ya koya mini. Kuma duk damina in ruwa ya fara ja, sai in ga bakin yaron nan ya buɗe ya rufe.

Ku da ke sayen inji, watarana za ku tsufa, na bayanku su zo da maganar da ba ku ji. Za ku ji tsoro, kamar yadda na ji. Ku tambaye su mi take nufi, ku zauna su koya muku ko da kira biyar ne, ku bar su su yi muku dariya. In hukuma ta tambaya, ku kai su gungun su gani da idonsu. Amma don Allah ina roƙonku, kada wanda ya ƙara yin abin da na yi. Wanda ka tsayar a goshi ya duba maka ruwa, ka bar masa bakinsa.